Allon Da Ya Manta Da Mai Keke

 A wannan wata muna so mu yi tsokaci a kan wani al'amari wanda wasu za su ga kamar bai kai a ɓata masa takarda da tawada ba, watau yadda mai keke yake tsallake layin dogo a inda layin ya ratsa hanya a karkace, da kuma rashin allon gargaɗi da zai yi masa magana kafin ya iso wurin. Mun sani sarai akwai matsaloli da suka fi wannan girma a garuruwanmu na Paraku da Jugu. Amma mu malaman makaranta, aikinmu ya koya mana cewa ƙaramin abin da yake faruwa kullum ba tare da kowa ya rubuta shi ba, shi ne yake cin mutane a hankali. Don haka muna roƙon mai karatu ya yi haƙuri ya biyo mu har ƙarshe, ko da shi kansa ya daɗe da ajiye keke ya hau mota, domin wataƙila ɗansa ko jikansa bai ajiye ba.

Da farko dai bari mu tuna yadda ƙarfen nan ya zo garinmu. Turawan Faransa ne suka fara shimfiɗa layin dogo daga Kwatano a shekarar 1900, aka yi ta ja da shi arewa ta Alada, da Bohikon, da Dasa, da Sabe, da Cawuru, har ya iso Paraku a 1936. Tsawonsa kilomita 438 ne, faɗin da ke tsakanin ƙarafansa biyu kuwa mita 1. A nan Paraku ya tsaya, bai ƙara gaba ba. A 1959 aka kafa hukumar haɗin gwiwa tsakanin Dahome da Nijar domin tafiyar da shi, wadda daga baya aka sani da OCBN bayan ƙasarmu ta sauya suna zuwa Benin a 1975. A wancan zamani, kayan Nijar da suka sauka a tashar ruwa ta Kwatano, jirgi ne yake kawo su nan, sa'an nan manyan motoci su ɗauka su bi ta Kandi da Malanbil, su haye kogin Kwara zuwa Gaya da Doso da Yamai. Da yawa daga cikin iyayenmu na Zango a bakin wannan tasha suka sami abinci, wasu dako, wasu tuƙi, wasu dillanci, wasu kuma sayar da tuwo ga matafiya.

Mu da muka tashi a ƙarshen shekarun 1980 da farkon 1990 mun san kukan jirgi, mun kuma san yadda uwaye suke jan kunnen yaro kada ya kusanci layi. Amma jirgin fasinja ya daina zuwa shekara da shekaru, har yaron da yake aji shida a yau bai taɓa ganin mutum ya sauko daga tarago da jakarsa ba. An yi ta maganar farfaɗo da layin da kuma kai shi Nijar. Tsakanin 2014 da 2016 kamfanin Bolloré ya shimfiɗa kimanin kilomita 140 daga Yamai zuwa Doso, amma ba a haɗa wancan yanki da namu ba. To, tsoron jirgi ya fita daga zukatan mutane, ƙarfen kuwa bai tashi daga inda aka ajiye shi ba. Duk inda ya rage a gicciye da hanya, yana nan yana jiran tayar da za ta zo masa ba daidai ba.

Idan muka dubi allunan da aka saba kafawa a matsallakar jirgi, za mu ga dukkansu magana ɗaya suke yi. Akwai mai kusurwa uku da jan baki wanda aka zana kan jirgi a cikinsa, ma'anarsa matsallaka ce marar shinge. Akwai mai hoton shinge, ma'anarsa akwai sandar da ake saukewa. Akwai kuma gicciyayyun katakai biyu da ake kafawa dab da layin. Waɗannan alamomi mun gaje su daga tsarin Faransa, suna kuma cikin yarjejeniyar alamomin hanya da ƙasashe suka ƙulla a birnin Biyana a 1968. Abin da suke cewa shi ne, ka yi hattara, jirgi yana iya zuwa. Wannan gaskiya ce, kuma ba mu ce a cire ko ɗaya ba. Sai dai mai keke yana da abokin gaba na biyu a wannan wuri wanda allunan nan ba su ambata ba, shi ne ƙarfen kansa, ko da an shekara jirgi bai bi ta kansa ba.

Ga yadda abin yake. Ƙafar jirgi tana da wani leɓe ta ciki wanda yake riƙe ta kada ta sauka daga kan ƙarfe. Saboda wannan leɓe, duk inda hanya ta haye layi, dole a bar wata 'yar tsaga a gefen kowane ƙarfe domin leɓen ya sami wurin wucewa. Faɗin tsagar nan ya kan kai yatsu uku, watau santimita 6 ko abin da ya yi kusa da haka. Tayar mota ta fi ƙarfin wannan tsaga nesa ba kusa ba, direba ba ya jin komai sai ɗan gargada. Amma tayar keken da muke hawa faɗinta bai wuce santimita 4 ba, ta keken tsere kuwa ba ta ma kai 3 ba. Idan mai keke ya zo wa layin kai tsaye, taya za ta haye tsagar kamar yadda take haye ƙaramin rami. Idan kuwa ya zo a karkace, sai tayar gaba ta zame ta faɗa cikin tsagar ta bi ta. Daga nan kan keke ya ƙwace daga hannun mai shi, keke ya bi layi, mutum kuma nauyinsa ya ci gaba da bin hanya, sai ƙasa. Duk wannan kafin ƙiftawar ido ne. In an yi ruwan sama kuma, ko raɓa ta sauka, saman ƙarfen yana zama kamar an shafa masa man gyaɗa, har babur mai faffaɗar taya yana iya zamewa a kansa.

Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami shi ne wani yaro da ya taɓa zama a ajinmu na CM2, ajin ƙarshe na firamare. Ɗan shekara 13 ne, an kawo shi daga Jugu wurin kawunsa domin ya ƙarasa karatu a nan. Yaro ne mai natsuwa da kyakkyawan rubutu, muna kuma sa ran zai fita da sakamako mai kyau a jarrabawar CEP da ake yi a watan Yuni. Wata safiya a cikin watan Mayu, bayan an kwana ana ruwa, aka aike shi injin niƙa da ɗan buhun masara a bayan keke. A inda hanyarsa ta haɗu da layi a karkace, tayar gaba ta faɗa tsaga, ya kife a kan hannunsa na dama, wuyan hannun ya karye. Akwai wata babbar mota a bayansa, Allah Ya taimaka direban ya taka birki da wuri. Ranar da abokansa suka zauna jarrabawa, shi hannunsa yana ɗaure, ko fensir ba ya iya riƙewa. Haka ya yi asarar shekara guda cur.

Da muka je dubiya, kawun nasa ya ce mana, "Malam, ai yaran yanzu rawar kai ce da su. Gudu yake yi, shi ya sa." Muka ce, "Alhaji, Allah Ya ba ka haƙuri, amma mai buhun masara a bayan keke da wane ƙarfi zai yi gudu?" Wata dattijuwa a gidan kuma ta ce wurin ne ba shi da kyau, domin ba shi ne na farko da ya faɗi a nan ba, lalle akwai abin da yake zaune a wurin. Shi kuwa yaron, da muka tambaye shi, cewa ya yi, "Malam, na duba dama na duba hagu, ba jirgi. Ban san abin da ya kama mini taya ba." Wannan amsa tasa ita ce ta tsaya mana a rai. Yaron ya yi duk abin da allo ya umurce shi, ya kuma yi duk abin da muka koya masa a darasin kiyaye haɗarin hanya. Abin da ya kayar da shi ba ya cikin allon, ba ya kuma cikin darasin.

Bayan 'yan kwanaki muka zauna da wani dattijo mai gyaran keke da faci wanda rumfarsa ba ta da nisa da wurin. Muka ce, "Baba, kai da kake nan kullum, sau nawa kake ganin irin wannan?" Ya yi dariya ya ce, "Malam, ai ƙarfen nan rabin abincina daga gare shi yake fitowa. Da damina ba na rasa rim ɗin da zan miƙe." Ya ce 'yan unguwa da suka saba sun san yadda suke karkato da kan keke su hau shi a miƙe, wasu ma ba su san suna yi ba, jiki ne kawai ya koya bayan faɗuwa ɗaya ko biyu. Waɗanda suke sha kuwa su ne yara masu koyon keke, da mutanen ƙauye masu shigowa da doya ko gawayi ko itace, da baƙi. Ya ƙara da cewa masu keken guragu da masu tura amalanke su ma tayarsu tana maƙalewa, sai an zo an ɗaga su.

A nan ne maganar Jugu ta shigo. Mu a makarantar horon malamai ta Jugu muka yi karatun koyarwa, mun kuma san garin da mutanensa. Tsakanin Jugu da Paraku kimanin kilomita 135 ne, kuma dangantakar garuruwan biyu ta girmi jirgi da mota. Tun zamanin fatake, ayarin Hausawa daga Kano da Sakkwato yana bi ta Nikki da Paraku da Jugu zuwa Salaga a ƙasar Gwanja domin sayen goro, shi ya sa har gobe da wuya ka sami gida a Zangonmu da ba shi da dangi a can. Amma layin dogo bai taɓa zuwa Jugu ba. Yaron da ya tashi a can yana iya zama gwanin keke, ya san yashi, ya san taɓo, ya san gangare, amma bai taɓa ɗora taya a kan ƙarfen jirgi ba. Kowace shekara irin waɗannan yara suna zuwa nan, wasu makarantar sakandare, wasu jami'ar Paraku da aka buɗe a 2001, wasu koyon sana'a, wasu kuma cin kasuwar Arzeke. Hausawa sun ce baƙo ko da ido makaho ne. Allon hanya kuwa dama don baƙo ake kafa shi, ɗan gari ba ya bukatar a nuna masa ramin ƙofar gidansu.

Tun da mu malamai ne, bari mu ɗan koma aji. Mai karatu ya dubi agogo mai hannu. Idan ƙarfe 3 ya yi daidai, kusurwar da ke tsakanin hannayen biyu digiri 90 ce. A ƙarfe 2 digiri 60 ce, a ƙarfe 1 kuwa digiri 30. Yanzu a ɗauka dogon hannun shi ne layin jirgi, gajeren kuma shi ne inda keke ya dosa. Tsaga mai faɗin santimita 6, idan aka zo mata a digiri 90, santimita 6 ɗin nan kawai taya za ta tsallake. A digiri 60 abin ya kusan santimita 7, bambancin ba shi da yawa. A digiri 30 sai ya ninka ya zama 12. Idan kuwa aka sauko zuwa digiri 10, tayar za ta yi tafiyar kusan santimita 35 a bakin tsagar kafin ta fita, wanda ya ishe ta ta faɗa ciki. Lissafi ne na ɗan sakandare, kuma shi ya bayyana abin da dattijuwar nan ta danganta da iskokai. Wurin da mutane suke yawan faɗuwa, a auna kusurwarsa, za a ga amsa.

Wannan matsala ba tamu ce mu kaɗai ba, har ƙasashen da suka fi mu kuɗi suna fama da ita. A birnin Noksbil na jihar Tenesi a Amurka, masu bincike na jami'ar jihar sun kafa na'urar ɗaukar hoto a 2014 tana kallon wani wuri da layin dogo ya ratsa hanya a karkace ƙwarai. Cikin kimanin wata 2 sun ga masu keke fiye da 13,000 sun wuce, 53 daga cikinsu sun faɗi. Sakamakon da suka buga a 2017 ya nuna cewa faɗuwa tana raguwa sosai idan kusurwar tsallakewa ta wuce digiri 30, idan ta kai 60 kuwa kusan babu ita. Hukumar birnin ta gyara hanyar masu keke, ta yi mata ɗan lanƙwasa domin su riƙa zuwa wa ƙarfen a miƙe. A Toronto ta ƙasar Kanada kuma, inda jirgin cikin gari yake bin tsakiyar titi, wani bincike da aka buga a 2016 ya gano cewa kusan kashi ɗaya cikin uku na masu keken da aka bincika bayan sun je asibiti da rauni, ƙarfen jirgi yana da hannu a faɗuwarsu. A littafin alamomin hanya na Amurka ma akwai allo na musamman mai nuna layin dogo a karkace.

Darasin da muka ɗauka daga Noksbil shi ne, sai da aka zauna aka ƙirga kafin a gane girman abin. Faɗuwar mai keke shi kaɗai ba ta da abokin rigima. Ba mota ta buge shi ba, balle a kira 'yan sanda su auna su rubuta. Mutum zai tashi ya karkaɗe rigarsa cikin kunya, ya ja kekensa wurin mai gyara, in akwai karaya a kai shi wurin mai ɗori a unguwa. Babu littafin da sunansa zai shiga. Don haka idan ma'aikaci ya buɗe takardunsa ya ce ba a samun haɗari a wuri kaza, gaskiyarsa ya faɗa bisa abin da ke gabansa. Mai facin da ke bakin hanya shi ne yake riƙe da lissafin, shi kuwa ba a tambayarsa.

To wane irin allo muke nema? Na farko, ya zama hoto ne zalla. A garin nan ana jin Dandanci da Barbanci da Hausa da Fulatanci da Yarbanci da Faransanci, kuma da yawa daga cikin masu shigowa da kaya a keke ba su yi boko ba. Rubutu zai yi wa wasu magana ya bar wasu. Amma idan aka zana ƙarafa biyu a karkace da keke yana kifewa a kansu, cikin kusurwa uku mai jan baki irin wadda ido ya saba da ita, kowa zai gane. Na biyu, a ƙarƙashinsa a sa ƙaramin allo mai kibiya da ta lanƙwasa ta haye layin a miƙe, domin gargaɗin da bai nuna mafita ba tsoro kawai yake ƙarawa. Na uku, a kafa shi da ɗan nisa. A tsarin Faransa allon haɗari a cikin gari ana sa shi kimanin mita 50 kafin wurin, a bayan gari kuwa mita 150. Na huɗu, fentinsa ya zama mai ƙyalli da dare, domin yawancin kekunanmu ba su da fitila. Inda akwai kwalta, a ƙara da zana wannan kibiya da farin fenti a ƙasa, tun da mai keke idonsa ya fi zama a kan hanya.

Akwai kuma amfanin da allon zai yi wa mai mota da ɗan zemijan. Mai keken da yake so ya hau layi a miƙe dole ne ya ɗan fita daga gefen hanya, ko ya ɗan shigo tsakiya, kafin ya juyo. Direban da bai san dalili ba zai ɗauka wauta ce, ya danna masa oda, ko ya matse shi. Idan shi ma ya ga allon, zai san cewa mutumin da ke gabansa yana bukatar fili na daƙiƙa biyu ko uku. Mun kuma yarda allo shi kaɗai ba ya gama magani. Gyaran gaskiya shi ne a faɗaɗa gefen hanya a irin wannan wuri, a yi wa masu keke 'yar lanƙwasa tasu, a kuma daidaita kwalta da saman ƙarfe inda ruwa ya zaizaye. Amma allo shi ne mai araha, shi ake iya yi a wata ɗaya kafin babban aiki ya zo.

Wani zai ce, Malam, jirgin ma ba ya zuwa, me zai hana mu tara matasa mu cike tsagar da siminti ko duwatsu mu huta? Muna jan kunnen jama'a da babbar murya kada a yi haka. Layin da ya yi shiru yana da masu shi, kuma ranar da za a bi da wani abu ta kansa ba za a aiko mana da takarda ba. Tsagar da aka toshe tana iya sauke jirgi daga kan layi, a nemi maganin karaya ɗaya a jawo asarar rayuka. Rufe layi ko cire shi hukuncin hukuma ne. Haka nan kafa allo a bakin hanyar gwamnati ba aikin da mutum zai tashi ya yi da kansa ba ne. Hanyar da ta dace ita ce ƙungiyar iyayen yara ta kowace makarantar da ke kusa da layi ta rubuta takarda, mai unguwa ya sa hannu, a kai ofishin magajin gari, a kuma sanar da cibiyar kiyaye haɗarin hanya ta ƙasa. A haɗa da lissafin wata uku da mai faci ko mai shago na wurin ya riƙe a ɗan littafi, rana kaza mutum kaza ya faɗi. Takardar da take da lissafi ta fi wadda take da kuka kawai nauyi a kan tebur.

Wani kuma zai ce mutanenmu ba sa bin allo. Mu ba mu yarda da wannan ba. Tun daga watan Maris na 2024 da aka tsananta binciken hular kwano ga masu babur da waɗanda suka goya, kowa ya ga yadda kawunan mutane suka sauya a titi cikin 'yan makonni. Wancan da tara aka yi shi. Wannan kuwa ba ya bukatar tara, domin babu mai son ya faɗi, sani ne kawai mutane ba su da shi.

Kafin allo ya zo, akwai abin da ke hannunmu. Mu a makarantarmu mun samo dogayen katakai biyu muka jera su a filin wasa da tsaga ta yatsu uku a tsakaninsu, muka ba yara tsohuwar tayar keke irin wadda suke gare-gare da ita. Wanda ya garo ta kai tsaye sai ta haye. Wanda ya garo ta a karkace sai ta faɗa ta kwanta. Yara suka yi ta dariya suna maimaitawa, kuma cikin rabin awa sun gane abin da da baki sai mu kwana muna bayani. Gani ya kori ji. Muna kira ga 'yan'uwanmu malamai, musamman na Jugu da ƙauyukan Donga waɗanda ɗalibansu za su zo nan wata rana, da malaman makarantun allo, su gwada wannan. Ba ya cin ko dala.

Ga kuma abin da muke roƙon kowane uba ya karanta wa mai keken gidansa. Idan ka hango layi, rage gudu tun daga nesa, ka duba dama da hagu saboda jirgi, ka waiwaya saboda mota. Ka daidaita kan kekenka yadda za ka hau ƙarfen a miƙe, kamar hannayen agogo a ƙarfe 3, ko aƙalla ƙarfe 2. Ka gama taka birki kafin ka iso, kada ka matse shi taya tana kan ƙarfe, kada kuma ka juya kan keke a wurin. Ka ɗan ɗaga daga sirdi, ka riƙe hannu da kyau, ka tafi a miƙe har tayar baya ta haye ƙarfe na biyu. In kuwa an yi ruwa, ko kana ɗauke da kaya, ko ka goyo wani, ko motoci sun matse ka, to sauka ka tura. Sannu ba ta hana zuwa, kuma babu wanda ya taɓa rasa jarrabawa don ya tura keke taku goma.

Daga ƙarshe, idan Allah Ya nufa aka farfaɗo da layin nan, ko aka shimfiɗa sabo zuwa Nijar kamar yadda aka daɗe ana fata, muna roƙon waɗanda za su zana taswirar aikin su tuna da mai keke tun a kan takarda, su sa kowace hanya ta haye layi a miƙe gwargwadon iko, domin gyara a takarda ya fi gyara a kwalta sauƙi. Duk mai karatun da ya san wani wuri irin wannan a unguwarsu, ko a kan hanyar Cawuru da Sabe, muna so ya aiko wa wannan shafi da bayaninsa domin a tattara. Allah Ya kiyaye mu da 'ya'yanmu a kan hanya, Ya ba marasa lafiya sauƙi, Ya sa shugabanninmu su ji kukan talaka.